Yadda Na'ura Ta Ɗebe Tabawa Huɗu

Anguwan Rogo, Jos
Talata

Zuwa ga taubashiyata Shafa'atu, Injiniyar Legas,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ke da aiki da cunkoson garinku. Mu nan lafiya lau, sai ƙafar Inna da ke motsawa in sanyi ya sauko. Kin hana ni aiko miki saƙon murya, kin ce sai na yi minti ashirin ban zo kan magana ba, shi ya sa na rubuta a takarda. Madam Nkoli mai shagon buga takardu a Terminus za ta ɗauki hotonta ta turo miki. Ki yi haƙuri da rubutun, kin san tun aji uku na ajiye biro na ɗauki zarto.

Jiya Litinin da safe ina tsugune a tsakar gida da kofin shayi, sai na ji sallama irin wadda ba ta jiran amsa. Goggo Tabawa ce, yayar marigayi Baba, da rigar sanyi a kan atamfa. Ta riƙe katin bikina da yatsu biyu, ta nesanta shi da jikinta kamar wadda ta tsinci mataccen ɓera a cikin tulu.

Na durƙusa na ce, "Ina kwana, Goggo."

Ta ce, "Riƙe gaisuwarka. Wannan mene ne?"

Na ce, "Kati ne, Goggo."

Ta ce, "Madalla da ka gaya min. Na sa an karanta min ai. Wai ana gayyatata. Ni! Ni da na goya ubanka har zanena ya koɗe. Ana gayyatata in zo in ci shinkafa, kamar mai kawo muku gawayi."

Inna ta fito da gudu da ƙafar tata, tana ta "Yaya, ki zauna, Yaya, ki sha ruwa." Ko kallonta ba ta yi ba.

Ke kin sani, a gidanmu ba a aika wa manya kati. Ango ne ke yin tattaki da goro, ya zauna a ƙasa ya sanar da su da bakinsa. Saboda haka ne da kika zo Sallah kika zuba mana jeri biyu a kwamfutar Madam Nkoli, babban jeri na kowa da kowa wanda ni na faɗa miki, da ƙaramin jerin manya wanda Inna ta faɗa. Kika ce na'urar za ta ɗebe ƙaramin daga babban, duk wanda ya rage a buga sunansa a ambulan. Kika bugi ƙirji kika ce ita ba ta mantuwa irin tawa. To ga shi ta ɗebe Kawu, ta ɗebe Liman, ta ɗebe duk manya goma sha takwas, ta bar mana guda ɗayar da ko bango ya san ba a taɓa ta.

Abin bai tsaya nan ba. Datong abokina mai keke Napep, wanda ke raba mana katunan, ya bi abin da ke jikin ambulan ya kai tsohon gidanta na nan Anguwan Rogo. Ita kuwa wata takwas ke nan da komawarta unguwar Kwararafa. Katin ya kwana biyu wajen masu hayar gidan, ya bi hannu uku, ya isa wajenta da tabon manja a kan sunan amaryata Sakina.

Yanzu ga inda muke. Akwatunan lefe biyar suna ɗakin Goggo, don ita ce za ta shige gaba a kai wa dangin Sakina ranar Asabar ta sama. Ta ɗaga min makullin ɗakin na gani, ta ɗaure shi a bakin zane, ta ce, "Ka gaya wa kwamfutar ta kai muku lefe." Shekara biyu ina bugun ƙusa kafin akwatunan nan su cika, Shafa'atu. In Asabar ta zo ba a kai ba, ban san da wace fuska zan bi ta layin su Sakina ba.

Abu ɗaya na lura da shi. Ba ta yar da katin ba. Da za ta fita sai da ta goge manjan da bakin mayafi, ta sa shi a jaka, ta zuge. Ban san me hakan ke nufi ba, na dai gani.

Katunan Anguwan Rogo kawai muka buga, sauran na dakatar. Ki duba ki gaya wa Madam Nkoli abin da za ta yi kafin wani babban ya sake fitowa. Ni gobe zan tafi Mangu aikin rufin wani gida, sai Asabar zan dawo.

Naki,
Tasi'u Sallau

*

Legas
Laraba

Ango mai kuka,

Wa alaikumus salam. Lafiyata ƙalau, sai dariyar da ka sa ni a ofis har maigidanmu ya leƙo. Ka gaishe min da Inna, ka ce ta riƙa sa safa, ta bar gardama.

Da ni ka aura kamar yadda Kaka ta so, da duk wannan bai same ka ba. Amma tunda ka tsallake ni, zauna in karantar da kai.

Umarnin da na rubuta sunansa MINUS, wato ɗebewa. Yana ɗaukar layi ɗaya daga babban jeri, ya duba ko akwai irinsa sak a ƙaramin jeri. In akwai, ya cire. In babu, ya bari. Kalmar da za ka riƙe ita ce sak. Kowane layi gurbi biyu ne, suna da unguwa, kuma na'ura ba ta san Goggo ba, ba ta san ta goyi kowa ba, ita dai gurbi biyun nan take gwadawa.

Ina da kwafin jerin a nan, sai na juya lissafin, na ɗebe babban daga ƙaramin. In komai daidai ne, bai kamata kowa ya fito ba, tunda duk manya suna cikin babban jeri. Mutum ɗaya ya fito: Tabawa Sallau, Kwararafa. Haka Inna ta faɗa. A babban jeri kuwa, wanda wani kafinta ya zauna kusa da ni yana cin gyaɗa yana karanto min, an rubuta Tabawa Sallau, Anguwan Rogo. A wajen na'ura mata biyu ne. Ta nemi ta Kwararafa don ta ɗebe, ba ta same ta ba, ta bar ta Anguwan Rogo.

To wa ya ce Anguwan Rogo? Ni dai abin da aka faɗa min na rubuta. In ce ko ka taɓa taka sabon gidan nata? Don na ji Inna ce ta kai akwatunan.

Kuma soyayya ta juya maka kai, don sau huɗu ka sa aka rubuta ta a babban jerin, kowane da unguwa daban: Anguwan Rogo, Bukuru, Gangare, Rikkos. Ita Goggon motar haya ce?

Maganin mai sauƙi ne. Madam Nkoli, wannan naki ne: ki cire gurbin unguwa daga umarnin, sama da ƙasa, a gwada suna da suna kawai. Duk inda Tabawa Sallau ta ɓuya za ta fita. Sunayen da suka rage ki buga musu ambulan, Datong ya raba, kada a ɓata lokaci.

Kai kuma ka sayi goro mai kyau ka je ka durƙusa. Wannan babu umarnin da zai yi maka shi.

Taubashiyarka da ka yi asara,
Shafa'atu

*

Anguwan Rogo
Litinin

Injiniya,

Sallama da fatan alheri. Inna ta sa safar, ta ce a gaya miki ba don ke ta sa ba. Ni ma lafiya, in ana kiran wannan lafiya.

Ranar Asabar na dawo daga Mangu, na biya shagon Madam Nkoli. Ta tare ni da murna, ta ce, "Oga Tasi'u, an gama! Na buga, Datong ya raba duka, ko ɗaya bai rage ba." Ta miƙo min wasiƙarki. Ina karantawa ina murmushi har na zo inda kika ce sau huɗu na sa aka rubuta Goggo. Sai na nemi kujera.

Shafa'atu, ba sau huɗu na rubuta ta ba. Su huɗu ne.

Kin san Ummi ta Bukuru, 'yar Baffa? Kin san Mami ta Gangare? Kin san Hajiyayye ta Rikkos, wadda ta ba ki dambun nama da Sallah? Duk sunansu Tabawa. Sunan Goggo aka sa musu, kuma duk Sallau muke amfani da shi tun makaranta, sunan kakanmu. Ba mai kiransu da sunan a gida, don ba wanda zai tsaya a tsakar gida ya ƙwala "Tabawa!" Goggo tana ji. Ke daga dangin Inna kike, ba ki taɓa jin sunan yankansu ba. Amma ambulan ai da sunan yanka ake bugawa, shi ya sa na faɗa miki haka.

Na'urarki ta ɗebe su duka. Kati babu, tunda ta ɗauke su manya. Goro babu, tunda ba sa jerin Inna. Maƙwabciyar Mami da muka gayyata don kunya ta samu nata, har ta shiga ta nuna mata. Kuma su ukun nan su ne masu ɗaukar akwatuna ranar Asabar.

Jiya Lahadi da hantsi na ɗauki goro na tafi Kwararafa. Sai da na tambayi mutum biyu kafin na gane gidan, wannan kuma amsar tambayarki ce, ba sai kin sake yi ba. Na tarar da takalma ƙafa huɗu a ƙofar ɗaki. Tabawa huɗu a ciki, da akwatunana a bayansu, ina hango su ta labule.

Na yi sallama. Mami ta ce, "Goggo, kamar na ji motsi."

Goggo ta ce, "Iska ce."

Hajiyayye ta ce, "Ko mai raba kati ne ya ɓata hanya."

Goggo ta ɗaga murya don iskar ta ji, ta ce, "Ni an ba ni abin da bai kamace ni ba, takwarorina an hana su abin da ya kamace su. Ashe sunan ne ba a so a gidan."

Na zauna a dakalin ƙofa har azahar. Ba wanda ya ce min tashi, ba wanda ya ce min shigo. Ummi ta fito zubar da ruwa, ta zagaye ni kamar turmi. Amma zaman bai tafi a banza ba, don na ga wani abu. Tagar ɗakin Goggo ba ta da murfi ɗaya, kwalin taliya aka toshe da shi, ya jiƙe ya bushe har ya lanƙwashe. Wata takwas tana kwana da sanyin Jos a kan wannan kwali, kuma ɗan ƙaninta kafinta ne. Da na ga haka na daina jin haushin na'urarki.

Saura kwana biyar. Sakina ta aiko tana tambaya ko gaskiya ne abin da ake faɗa, na ce mata ana kan gyara. In kina da wani umarnin ki turo, amma wannan karon na roƙi Madam Nkoli kada ta taɓa komai sai ina tsaye.

Tasi'u

*

Legas
Talata

Tasi'u,

Lafiya lau nake, amma yau ban yi dariya ba. To, na ɗan yi, a wajen turmin.

Wannan laifina ne. Na ga layi huɗu na yanke hukunci ban tambaye ka ba. Da muka gwada suna da unguwa, mutum ɗaya ya zama biyu. Da muka gwada suna kawai, mutum huɗu suka zama ɗaya. A wajen aikinmu ba ma yarda da suna, kowa lamba muke ba shi wadda ba ya tarayya da kowa, da ita ake ɗebewa. Na yi ƙyuya ne don na ga jerin biki ne kawai. Ban san danginku sun fi kamfaninmu wuya ba.

Na ba kowa lamba, na tura wa Madam Nkoli. Goggo ce lamba ɗaya, kada ma wani ya ja. Ka tsaya a kanta ta gyara unguwar Goggo a babban jeri, sannan ku gwada ta fuska biyu. A ɗebe ƙarami daga babba, takwarorin uku za su fito, Goggo ba za ta fito ba. A ɗebe babba daga ƙarami, allo zai fito fayau babu kowa, kuma hakan shi ne daidai.

Sauran kuma, wanda ya ga kwalin taga ya fi ni sanin abin yi. Ka rubuto ko me ya faru, na kasa cin abinci sosai.

Shafa'atu

*

Anguwan Rogo
Lahadi

Taubashiyata,

Assalamu alaikum. Ki ci abincinki. Kowa lafiya, ƙafar Inna ma jiya ta manta da ciwo.

Ranar Talata ban je da goro ba. Na biya kasuwar Katako na yanko katako, na ɗauki akwatin aikina na tafi Kwararafa. Na yi sallama aka ce iska ce, sai iskar ta cire kwali ta fara awo. Da na buɗe tagar sai ga kabad ɗinta mai gilashi yana kallona. A tsakiyar faranta na tangaran da ba a taɓa cin abinci a cikinsu ba, katina ne a jingine, an juya gefen manjan ciki, sunanta na ruwan zinare yana waje. Na yi kamar ban gani ba. Ita ma ta ga na gani, ta yi kamar ba ta ga na gani ba.

Na gama taga na koma kan ƙofar banɗaki, na gama na koma kan ƙafar bencin tsakar gida. Wajen la'asar aka turo kwanon tuwo ta ƙarƙashin labule, ba magana.

Laraba na ɗauki goro ƙulli uku, Datong ya kai ni Bukuru, Gangare da Rikkos. Kowacce na zauna mata a ƙasa kamar yadda ake yi wa manya. Hajiyayye da na girme ta da shekara biyu ta ce, "Kai, tashi, kana ba ni kunya." Na ce ba zan tashi ba, na'ura ta ce duk mai wannan suna ba a aika masa takarda, ni kuma na duba na ga ta fi ni gaskiya. Kafin in dawo gida maganar ta riga ni isa Kwararafa.

Alhamis da safe na kai wa Goggo nata goron. Wannan karon aka ce, "Shigo, iska." Na faɗa mata komai, har da cewa ni na ba da tsohuwar unguwa, don a kaina ba ta taɓa tashi daga Anguwan Rogo ba, tunda ƙafata ba ta taɓa bin ta ba. Ta daɗe tana kallon sabuwar tagar. Sai ta ce, "Ina ita na'urar take? A kai ni in gan ta."

Aka aika takwarorinta uku suka zo. Haka muka cika keken Datong da wani keken, Tabawa huɗu da ni, har Terminus. Madam Nkoli ta ga taron ta miƙe tsaye, ta goge kujerarta da hannu, ta ce, "Mama, ka zauna, ka zauna." Goggo ta zauna gaban kwamfuta ta harɗe hannu, ta ce, "Wannan ce? Ko akwatin lefe ɗaya ba ta kai ba."

Aka nuna mata layinta. Ta ce a karanta. Aka ce lamba ɗaya, Tabawa Sallau, Anguwan Rogo. Ta ce a maimaita lambar. Aka maimaita. Sannan ta ce a goge unguwar a gabanta, aka goge aka rubuta Kwararafa. Aka ɗebe ƙarami daga babba, takwarori uku suka fito reras, Mami har da guɗa. Sai aka juya lissafin kamar yadda kika ce, allo ya fito fayau.

Goggo ta matso da fuskarta ta ce, "Ina nake?"

Madam Nkoli ta ce, "Mama, kai ba ya nan. Shi ne daidai."

 Datong ya fara ja da baya wajen ƙofa. Na yi maza na durƙusa na ce, "Goggo, wannan allon na waɗanda aka manta da su ne. Da ke kaɗai ce a ciki. Yanzu babu kowa."

Ta kalle ni, ta kalli allon. Sai ta kunce bakin zane, ta ciro makulli ta ajiye min a tafin hannu. Ta buɗe ƙullin goron da na ba ta, ta zaɓi fari babba, ta ɗora a kan kwamfutar, ta ce, "Ita ma ta ci. Ta fi wasu saurin gane kuskurensu."

Muna shirin fita sai ta tsaya a bakin ƙofa ta ce wa Madam Nkoli, "Yarinya, buga min wani katin. Wanda babu manja. Ki sa Kwararafa a jiki, da manyan baƙaƙe."

Na ce, "Goggo, kati?"

Ta ce, "Wa ya ce gayyata ce? Na kabad ne."

Jiya aka kai lefe. Goggo a gaba, Tabawa uku a baya, akwati biyar ba wanda ya ɓata, dangin Sakina suka yi ta sa albarka. Na san za ki ce na ƙara gishiri a maganar goron kwamfuta, don haka in kin zo ɗaurin aure ki tambaya. Madam Nkoli tana wajen, har yanzu goron na kan na'urar, ta ce ba ita za ta ɗauke ba. Datong yana wajen, ko da yake rabinsa a waje yake. Sai Tabawa Sallau ta Bukuru, da Tabawa Sallau ta Gangare, da Tabawa Sallau ta Rikkos, da Tabawa Sallau ta Kwararafa, lamba ɗaya.

Naki,
Tasi'u